Madatsar Usuma: Su Da Yawon Kwale-kwale A Kan Ruwan Da Abuja Ke Sha

Ma'aikacin da ya murɗa famfo da asuba a Garki, Wuse, Maitama ko Asokoro, in dai ruwan hukuma ne ya zubo masa ba na rijiyar burtsatse ba, to daga wuri guda ruwan ya taso: wani tafki da ke kwance tsakanin duwatsun Ushafa, a ƙaramar hukumar Bwari. A takardun gwamnati sunansa madatsar ruwa ta Usuma, da sunan kogin da aka datse. Bakin jama'a kuwa ya mayar da shi "Usman Dam", kuma da wannan sunan ne direbobin haya suka fi saurin gane inda baƙo ya nufa.

Shekaru da yawa tafkin ba ya ganin kowa sai ma'aikatan Hukumar Ruwa ta Babban Birnin Tarayya, da masunta, da manoman ƙauyukan da ke kewaye. Yanzu abin ya sauya. A ranakun Asabar da ranakun hutu akan ga ƙungiyoyin masu hawan dutse, da iyalai riƙe da tabarmi da kulolin abinci, da matasa masu ɗaukar hoto, da waɗanda suka zo da fatsa don gwada sa'arsu. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, zuwa gida Kano ko Maiduguri ko Sakkwato a ƙarshen mako ya zama abin da ƙaramin ma'aikaci zai yi dogon lissafi kafin ya yi shi. Mai neman inda zai sha iska da iyalinsa ba tare da ya cinye rabin albashi ba, dole ya duba kusa, kuma a kusa babu wurin da ya kai wannan tafki kyawun gani.

Sai dai wurin da ake marmarin zuwa shaƙatawa shi ne randar da birnin ke sha. Abin da baƙo ya zubar a bakinsa, da abin da masunci ya jefa a cikinsa, da irin jirgin da aka sa a kansa, duk suna da alaƙa da ruwan da za a sha a gidaje da asibitoci da makarantu. Ga kuma ran wanda ya hau kwale-kwale ba tare da shiri ba.

Yadda tafkin ya samu

Da dokar soja mai lamba 6 ta ranar 3 ga Fabrairu, 1976, gwamnatin Janar Murtala Ramat Muhammed ta kafa Babban Birnin Tarayya, bisa shawarar kwamitin da Mai Shari'a Akinola Aguda ya jagoranta. Wadatar ruwa na cikin ma'aunan da kwamitin ya auna wurare da su. Da aka fara ginin birnin, ƙaramar madatsar Jabi ce ta riƙe ma'aikatan farko. Amma kowa ya san ba za ta iya da birnin da ake shirin ginawa ba, saboda haka a shekarun 1980 aka datse kogin Usuma a inda ya ratsa tsakanin duwatsu, aka yi masa katanga ta ƙasa da aka dandaƙe. Lokacin da Janar Ibrahim Babangida ya dawo da kujerar mulki daga Legas a ranar 12 ga Disamba, 1991, tafkin ya riga ya cika yana jiran masu sha.

Tafkin na ɗaukar ruwa kusan kubik mita miliyan 100. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ne, wato jarka 40 irin mai lita 25 da masu kura ke turawa a unguwanni. Hikimar zaɓen wurin ita ce tudu: tafkin ya fi yawancin birnin tsayi, don haka mafi yawan ruwan da aka tace gangarowa yake yi da kansa zuwa manyan tankunan da ke rarraba shi, ba sai an yi ta tura shi da inji ba.

A gindin madatsar akwai matatun ruwa kashi huɗu. Biyun farko an tsara kowace ta tace kubik mita 5,000 a awa, biyun da aka ƙara daga baya kowace 10,000. Jimilla kubik mita 30,000 a awa, ko lita miliyan 720 a rana, in duk suna aiki yadda aka tsara su. Lissafi mai sauƙi ya nuna cewa da za a ja ruwa haka kullum ba tare da wani ya shigo ba, tafkin ba zai kai wata biyar ba. Wannan ne ya sa aka gina madatsar Gurara a jihar Kaduna, mai ɗaukar kimanin kubik mita miliyan 880, aka shimfiɗa bututu mai faɗin mita 3 da tsawon kusan kilomita 75 don ya riƙa kawo ɗauki. A shekarar 2016 kuma aka ƙaddamar da tashar lantarki mai aiki da hasken rana, mai ƙarfin kusan megawat 1.2, wadda gwamnatin Japan ta ba da tallafin ginawa domin matatar.

Akwai waɗanda suka biya kuɗin wannan aiki da abin da ya fi kuɗi. Kafin ruwa ya cika kwarin, gonaki ne da ƙauyukan Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari. An tashe su aka sake musu matsuguni a kusa. Baƙon da ke kallon shimfiɗar ruwan daga kan dutse yana kallon inda kakannin masu sayar masa da doya da masara a bakin hanya suka yi noma, kuma sanin haka kan sa mutum ya gyara yadda yake magana da mutanen wurin.

Hanya da abin da ido ke gani

Daga tsakiyar birni ana bin babbar hanyar Kubwa, a karya ta Dutsen Alhaji, a kama hanyar Bwari, garin da ke da hedikwatar hukumar JAMB da Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya. Kafin a isa Bwari ake ratsewa zuwa madatsar da garin Ushafa. Idan babu cunkoso, tafiyar ba ta kai awa guda ba. Cunkoson Dutse kuwa sananne ne ga duk mai bin hanyar, shi ya sa sammako ya fi.

Duwatsun wurin irin na Zuma da Aso ne: manya-manyan curarrun duwatsu masu santsin baya, waɗanda ruwan sama da rana suka shafe dubban shekaru suna gogewa. Tafkin bai yi zagaye kamar kwano ba. Ya bi lungunan kwarin, ya shiga nan ya fita can, ya bar tuddai a tsakiya kamar tsibirai. Da damina, daga Afrilu zuwa Oktoba, ciyawa kan rufe gangaren duwatsu, ruwa ya hau har gindin itatuwa, gajimare ya sauko ya zauna a kan tsaunuka da safe. Da hunturu ƙura kan lulluɓe nesa, ciyawa ta bushe, iska mai sanyi ta riƙa kaɗawa a kan ruwa. Zuwa Maris da Afrilu ruwan ya ja baya, ya bar zobe na busasshiyar laka a gefe, wanda ke nuna wa mai lura yawan abin da birnin ya sha tun ɗaukewar ruwan sama.

Mai son tsuntsaye zai ga balbela na kiwo a gefe, zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya a ruwa marar zurfi, shirwa na shawagi a sama. Wanda ya hau dutse da hantsi zai ga ruwan a ƙarƙashinsa, kwale-kwalen masunta kamar ɓawon gyaɗa a kansa.

Abu guda ya kamata baƙo ya riƙe tun daga gida. Wannan wurin aiki ne na Hukumar Ruwa, yana da masu gadi, kuma akwai sassan da ba a yarda kowa ya kusanta ba, musamman katangar madatsar da inda ake jan ruwa zuwa matata. Wanda zai zo da tawaga, ko ƙungiyar ma'aikatan wani ofis, ko ɗalibai, ya nemi izinin hukumar a rubuce kafin ranar. Katin shaidar aiki na wata ma'aikata, komai girmanta, ba izinin shiga ba ne.

Su da masunta

Kifayen da aka fi kamawa a tafkin su ne karfasa da tarwaɗa, kuma kowanne da halinsa. Karfasa na son ruwa marar zurfi mai ɗumi. Namijin kan haƙa ɗan rami a yashi ko laka, macen ta zuba ƙwai, kuma a nau'in da ya fi yawa a ruwayen ƙasar nan uwar kan ɗauke ƙwan a bakinta har su ƙyanƙyashe. Wanda ya kama irin wannan uwa ya kama ɗaruruwan kifaye a hannu ɗaya. Tarwaɗa kuwa mazauniyar ƙasan ruwa ce, ta fi fita neman abinci da dare da duku-dukun safiya, tana iya shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take daɗewa da rai bayan an fito da ita. Da farkon damina, idan ruwa ya hau ciyawar gefe, can take zuwa ta hayayyafa.

Masuntan da sana'arsu ke nan suna aiki da kayan da aka sani a ruwayen Arewa: kalli, wato ragar da ake shimfiɗawa da yamma a ɗaga da asuba, birgi, wadda ake wurgawa ta buɗe a iska ta faɗa kan kifi, gura da ake dasawa a gefe, da mamari, doguwar igiya mai jerin ƙugiyoyi. Babban abokin gabarsu a irin wannan tafki shi ne kututturan itatuwan da ruwa ya binne tun lokacin da aka cika kwarin. Ragar da ta maƙale a kututture sau da yawa sai dai a yanke ta, kuma asarar raga ga masunci asarar jari ce.

Baƙo mai fatsa ba ya buƙatar kaya masu tsada. Sanda, zare, ƙugiya, ɗan abin da zai yi iyo ya nuna an ja, da tana ko curin tuwo ko gara sun isa. Lokacin da ya fi shi ne daga asuba zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. Da tsakar rana kifi kan nutsa ƙasa ya guje wa zafi, mai fatsa ya yi ta zama a banza. Ladabin wurin shi ne kada a jefa ƙugiya kusa da inda aka ga alamar ragar wani, kuma ƙaramin kifi a mayar da shi ruwa.

Mayar da ƙaramin kifi ba tausayi kawai ba ne, doka ma ta san da shi. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta su da guba, da abin fashewa, da wutar lantarki, kuma a ƙa'ida ta gaba ɗaya ta hana ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, wato inci 3, domin ƙananan kifaye su samu su wuce su girma. Tun zamanin da an san masu dandaƙa ganyen magimfa su zuba a kududdufi don kifi ya bugu ya taso. Daga baya wasu suka koma ga maganin ƙwari irin su gamalin, wanda sinadarin da ke cikinsa ya shiga jerin abubuwan da yarjejeniyar Stockholm ta haramta a 2009. A kowane ruwa wannan ɓarna ce. A ruwan da birni guda ke sha, laifi ne da ya shafi lafiyar kowa.

Alƙaluman da gwamnati ta sha bayyanawa sun nuna cewa ƙasar nan na buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, abin da take samarwa kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wannan ba. Cibiyar binciken kifayen ruwan daɗi da ke New Bussa, wadda ta samo asali daga aikin binciken tafkin Kainji a 1968, an kafa ta ne don irin wannan tambaya: kifi nawa tafki zai iya bayarwa a shekara ba tare da ya ƙare ba.

Kwale-kwale da haɗarinsa

Jiragen da ke kan tafkin na katako ne, na masunta, an yi su don mutum ɗaya ko biyu da ragarsu. Baƙi kan yi ciniki da mai jirgi ya zagaya da su, kuma a nan haɗari ke farawa. Kwale-kwalen da ke ɗaukar masunci da ɗansa cikin sauƙi ba zai ɗauki manya biyar masu son tashi tsaye su yi hoto ba. Ƙasansa siriri ne, gefensa bai fi tafin hannu biyu daga ruwa ba idan ya yi nauyi, kuma mutum ɗaya ya karkata ya isa ya kifar da kowa.

Ruwan madatsa ya bambanta da na kogin da mutum ya saba da shi a ƙauyensu. Kwari ne aka cika, saboda haka taku kaɗan daga gefe ƙasa na iya yankewa farat ɗaya zuwa zurfin da ya fi tsayin bene. Saman ruwan na da ɗumi, ƙasansa na da sanyin da kan ɗaure jijiya. A ƙasa akwai laka mai riƙe ƙafa, da rassan itatuwa, da tsofaffin ragogin da aka yanke aka bari. Babbar riga, ko zani da mayafi, idan suka sha ruwa kan yi nauyi su naɗe mai su. Hausawa sun ce iya ruwa fidda kai, amma a irin wannan wuri gwanin ninƙaya ma kan gaza.

Ga kuma iska. Da farkon damina da ƙarshenta hadari kan taso daga gabas cikin ɗan lokaci, kuma duwatsun da ke kewaye kan ɓoye shi har sai ya iso. Iskar da ta ratso tsakanin tsaunuka biyu kan ƙara ƙarfi, ta tayar da igiyar ruwan da ƙaramin jirgi ba zai jure ba. Wanda ke tsakiyar tafki lokacin tsawa shi ne abu mafi tsayi a wurin. Masunta sun san alamun, shi ya sa idan mai jirgi ya ce a koma, ba a yi masa gardama.

Arewa ta riga ta ga abin da sakaci ke jawowa a kan ruwan madatsa. A ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin da ya taso daga ƙauyen Badau zuwa Bagwai a jihar Kano ya kife a madatsar Watari, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya da za su wajen Maulidi. Lodi fiye da kima aka ɗora wa laifin. A watan Mayun wannan shekarar, wani jirgin ya nutse a kogin Neja kusa da Wara a jihar Kebbi da mutane fiye da 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa nutsewa a ruwa ta kashe kimanin mutum 300,000 a duniya a 2021, yara da matasa na cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Ƙa'idojin da Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Ƙasa, NIWA, ke nanatawa guda uku ne, kuma sun dace da kowane ruwa: kada a hau jirgi ba rigar kariya, kada a yi lodi fiye da kima, kada a yi tafiyar dare. Masunci ba lallai ne yana da rigunan kariya na baƙi ba. Iyalin da suka yi niyyar hawa ruwa su sayi nasu su zo da su, kowa daidai jikinsa, domin rigar babba kan zame daga jikin yaro da zarar ya faɗa ruwa. In babu riga, kallo daga gefe ya wadatar.

Abin da ido ba ya gani

Ruwa kwantacce mai ciyawa a gefe shi ne gidan ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya, wadda ake gane ta da fitsarin jini. Ƙwayar kan fito daga jikin dodon koɗin ta yi iyo, ta huda fatar wanda ya shiga ruwan, ko da wanke ƙafa kawai ya tsaya yi. Najeriya na cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a duniya. Tana da magani, ana kuma raba shi ga 'yan makaranta a yankunan da take, amma alamunta kan ɗauki makonni kafin su bayyana, lokacin da mutum ya manta ya taɓa shiga ruwa. Yaron da ya yi wasa a gefen tafki, daga baya ya fara zazzaɓi ko aka ga jini a fitsarinsa, a gaya wa likita inda ya je. Ruwan tafkin kuma ɗanye ne, bai bi ta matata ba tukuna. Na sha da na alwala a zo da su daga gida.

Batun tsaro ma ba abin ɓoyewa ba ne. A watan Yulin 2022 'yan bindiga sun kai wa sojojin rundunar tsaron fadar shugaban ƙasa farmaki a yankin Bwari, a watan Janairun 2024 kuma sace-sacen mutane a yankin sun tayar da hankalin birnin gaba ɗaya. Dazuzzukan da ke bayan duwatsun sun haɗe da na jihohin Kaduna da Neja. Masu zuwa su zo cikin jama'a, su tsaya inda ake ganinsu, su ɗauki ɗan gari in za su hau dutse, su sanar da wani a gida inda suka nufa, su kama hanyar komawa tun rana na sama. Hadimin da ke shirya wa maigidansa ziyara ya tuntuɓi jami'an tsaron yankin tun da wuri, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Randar da kowa ke sha

A matata ana bi da ruwa matakai. Ana sa masa iska, a zuba alif don dattin da ke yawo ya dunƙule ya kwanta, a daidaita shi da farar ƙasa, a tace shi ta cikin yashi, sannan a sa sinadarin kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta. Gwargwadon dattin ruwan da ya shigo, gwargwadon yawan sinadarin da za a saya da yawan wankin da matatar za ta buƙata. Kuɗin daga baitulmali da aljihun masu biyan kuɗin ruwa yake fitowa.

Abin da ya fi yi wa tafkin barazana ba masu yawon Asabar ba ne, gine-gine ne. Tuddan Mpape, Ushafa da Dutse sun cika da gidajen waɗanda hayar cikin birni ta fi ƙarfinsu, da yawa daga cikinsu ma'aikatan gwamnati ne. Inda babu magudanar ƙazanta, ruwan sama na farko kan kwashe shara da abin da ke cikin masai ya gangara da su rafuka. Noma har bakin ruwa kan kawo takin zamani, wanda ke ciyar da gansakuka, ita kuma ta sauya wa ruwa launi da ɗanɗano ta toshe matata. Sare itatuwa don gawayi da fasa dutse kan saki ƙasa, ƙasar ta kwanta a gindin tafki ta rage masa ciki shekara bayan shekara. Tafkin da ya cika da laka yana nan da faɗinsa a ido, amma ruwan da yake riƙewa ya ragu.

Nasu kason baƙi shi ne leda, robar ruwa, kwalabe, ragowar abinci, wankin mota a gefe, da bahaya a bayan dutse saboda babu makewayi. Jirgi mai inji, musamman irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, kan bar wani ɓangare na man a cikin ruwa. Wannan kaɗai ya isa hujjar a bar tseren jirage da wasannin inji ga tafkin Jabi, a bar Usuma ga filafili da gwangwala.

Tsarin da ake jira

Haɗa ruwan sha da shaƙatawa abu ne da wasu suka gwada suka ga ya yiwu. Birnin New York na Amurka na shan mafi yawan ruwansa daga tafkunan da ke tsaunukan Catskill, kuma ana kamun kifi a cikinsu. Sharuɗɗan ne masu tsauri: sai da takardar izini, babu jirgi mai injin fetur ga jama'a, babu wanka, kuma duk jirgin da za a sa a ruwa sai an wanke shi da tururi don kada ya kawo wata halitta daga wani tafki. Birnin ya kashe kuɗi mai yawa wajen sayen filayen da ke kewaye da tallafa wa manoma su kare rafuka, saboda lissafinsa ya nuna kare ruwa daga tushe ya fi gina sabuwar matata araha.

A gida ma akwai abin koyi. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo asali tun 1934 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, ana hana su a Matan Fada har sai ranar biki, kuma Sarkin Ruwa ne ke tsare wannan haramci. Masunta kan bi dokar da shugabanninsu suka sa hannu a kanta fiye da wadda aka liƙa musu a allo.

Abubuwan da Usuma ke buƙata sanannu ne: iyaka bayyananna tsakanin inda baƙi za su zauna da inda ba za su kusanta ba, rajistar masu jirgi da adadin mutanen da kowane jirgi zai ɗauka, rigunan kariya na haya a mashiga, makewayi da kwandunan shara nesa da ruwa, lokacin rufe su a farkon damina don kifi ya hayayyafa, da zoben itatuwa kewaye da tafkin wanda ba a bayar da fili a cikinsa. Kowanne cikin waɗannan takarda ce da za ta bi ta teburin wani a Hukumar Ruwa, ko sashen kula da gine-gine, ko hukumar kare muhalli ta Abuja, ko ƙaramar hukumar Bwari. Jami'in da ya sa hannu a takardar fili a kan gangaren da ke zuba cikin tafkin ya yanke hukunci a kan ruwan da 'ya'yansa za su sha.

Mazauna yankin ma suna da rabo a cikin tsari mai kyau. Garin Ushafa ya yi suna da ginin tukwane, sana'ar matan Gbagyi wadda marigayiya Ladi Kwali, mai hoto a bayan takardar naira 20, ta kai sunanta ƙasashen waje. Cibiyar tukwane ta garin ce Shugaba Bill Clinton na Amurka ya ziyarta a watan Agustan 2000. Iyalin da suka taso daga bakin ruwa da la'asar suna iya ratsawa su sayi tulu ko kasko, su sayi kifi daga hannun wanda ya kama shi. Idan mutanen Ushafa suka ga cewa tsaftar tafkin na kawo musu ciniki, hukuma ta samu masu gadin da suka fi kowa sanin lungunan wurin, kuma suna nan dare da rana ko an biya kuɗin aikin ƙarin lokaci ko ba a biya ba.